Sharhi kan wani ofishin dillancin gidajen haya a Gombe, da yadda yake saukar da baƙi

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a cikin garin Gombe ya san da wuya ya samu ba tare da ya bi ta hannun dillali ba, kuma ya san tambayoyin mafi yawan dillalai ba su wuce biyu ba, wato ɗaki nawa kake so, kuma nawa ne a hannunka. Da zarar ka amsa, sai a ɗora ka a bayan babur a shiga zagayawa da kai lungu-lungu, ana nuna maka duk ƙofar da aka samu a buɗe, ko ta dace da kai ko ba ta dace ba. Ofishin da zan yi sharhi a kansa ya sha bamban da waɗannan ta fuska ɗaya mai muhimmanci: dattijon da ke riƙe da shi ba ya fara maganar kuɗi sai ya gama fahimtar irin zaman da mai neman gidan ya saba yi a inda ya fito. Wannan ne ya sa baƙi suke tururuwa wurinsa, kuma wannan ɗin ne, kamar yadda zan bayyana, tushen babban ƙorafina a kansa. Na bar sunan ofishin ne saboda akwai suka a cikin abin da zan faɗa, kuma na riga na gaya wa mai shi baki da baki.

Ba za a gane darajar irin wannan sana'a ba sai an tuna cewa Gombe gari ne da baƙi suka raya. Modibbo Buba Yero ya kafa masarautar a 1804, hedikwatarta ta daɗe a Gombe Abba, Turawa suka mayar da ita Nafada, sannan a 1919 aka dawo da ita wurin da take yanzu. Cinikin auduga da gyaɗa ya jawo mutane daga nesa, har yau unguwar BCGA tana ɗauke da sunan kamfanin audugar Turawa, sannan isowar layin dogo a farkon shekarun 1960 ta ƙara kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Da aka yanki jihar daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996, ma'aikatan gwamnati daga Kaltungo, Billiri, Balanga, Dukku, Nafada da sauran ƙananan hukumomi suka dawo sabuwar hedikwata da iyalansu. Aka buɗe jami'ar jiha a 2004, ɗalibai da malamai suka ƙaru. Sai kuma rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009 ya kuma yi tsanani a 2014 lokacin da Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannun mayaƙa, ya koro jama'a masu ɗimbin yawa daga Borno da Yobe da arewacin Adamawa. Mafi yawan waɗanda suka iso Gombe ba a sansani suka zauna ba, cikin unguwanni suka shige, wasu a gidajen 'yan uwa, wasu a haya. Garin ya cika ya tumbatsa har ya tsallaka cikin ƙasar Akko da Kwami da Yamaltu/Deba. A irin wannan gari, wanda ya san inda ya kamata kowane baƙo ya sauka yana riƙe da ilimi mai tsada.

Ofishin kansa ba wani abin kallo ba ne. Shago ne ɗaya a bakin titi, da teburi, da benci biyu, da tabarma a gefe inda dattijon ke zama idan zafi ya yi yawa. Yaransa matasa ne masu babura, su ke kai mutane duba gidaje. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani babban littafi mai kaurin bango da ke kan teburin, wanda aka rarraba shafukansa unguwa-unguwa: Jekadafari, Bolari, Herwagana, Pantami, Tudun Wada, Nasarawo, Malam Inna, Kagarawal, Arawa, Tumfure da sauransu. A ƙarƙashin kowane gida ba adadin ɗakuna da kuɗin shekara kaɗai aka rubuta ba. An rubuta ko akwai zaure, ko katangar ta kai tsayin da mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba, ko banɗaki na haɗaka ne, ko mai gidan yana zaune a ciki, da kuma su wane ne maƙwabta na dama da hagu. Wani gidan an sa masa alamar cewa akwai wurin turke, wani an rubuta cewa mai shi ba ya yarda a kiwata ko kaza. Ban taɓa ganin dillalin da ya ɗauki waɗannan abubuwa da muhimmancin da har zai rubuta su ba.

Hulɗata ta farko da su ta kasance ne saboda kawun matata, wanda ya baro yankin Damboa da iyalinsa, ya ɗan zauna a Biu, sannan ya yanke shawarar ƙarasowa Gombe. Yana da mata biyu, da 'ya'ya, da mahaifiyarsa tsohuwa wadda ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Da muka zauna, bayan an gama gaisawa da jajanta abin da ya faru, dattijon ya dubi kawu ya ce, "Malam, iyalin suna fita ko suna kulle?" Kawu ya ce suna kulle, sai dai zuwa asibiti da gaisuwar rasuwa. Ya ce, "To, Hajiya babba fa, da wane harshe take hira?" Aka ce masa Barbarci. Ya tambayi ko kawu yana zaman wazifa, ya tambayi ko yaran allo suke yi ko Islamiyya ko duka biyun, ya tambayi sana'ar da yake niyyar kamawa. Sai a ƙarshe ya ce, "Yanzu kuma Malam ya faɗa mini abin da aljihu zai iya ɗauka, kada a ji nauyi." Kawu, wanda ya shigo a takure kamar yadda mai neman alfarma ke shigowa, sai na ga ya gyara zama ya saki jiki.

Gidaje biyu aka kai mu. Na farkon sabon gini ne, da tayil a ƙasa da tankin ruwa a sama, kuma kuɗinsa ya ɗan fi sauƙi saboda yana can bakin gari. Ni da nake kallo da idon ma'aikaci, shi na zaɓa a zuciyata. Amma ƙofarsa kai tsaye take buɗewa cikin tsakar gida, babu zaure, kuma benen maƙwabci yana leƙa madafa. Kawu bai ce komai ba, ya dai tsaya a tsakar gidan ya ɗaga kai ya dubi tagar benen, sannan ya ce mu je na biyun. Na biyun tsoho ne, sumuntin tsakar gidan duk ya farfashe, amma yana da zaure da soro na biyu, ɗakunan matan suna fuskantar juna ba tare da ɗaya ya fi ɗaya girma ba, abin da duk mai mata biyu ya san muhimmancinsa. Muna cikin dubawa sai ƙamshin turaren wuta ya taso daga gidan da ke jingine da shi, aka kuma ji wata mata tana kiran yaro da Barbarci. Yaron dillalin ya ce mutanen Bama ne, sun kwana biyu a unguwar. A nan take kawu ya ce a rubuta. Daga baya matata ta gaya mini cewa tun makon farko tsohuwar ta samu abokiyar hira, ana miƙo mata burabusko ta kan katanga, ita ma tana aikawa da abin da ya samu. Matar da aka ce ta daina cin abincin kirki tun barinsu gida ta dawo tana ci.

Wannan shi ne abin da masu lissafin kuɗin haya da nisan wurin aiki kaɗai ba sa gani. Baƙo ba ɗaki kawai yake nema ba. Yana neman wanda zai amsa masa sallama da harshen da yake mafarki da shi, da wanda zai tsaya masa ranar suna, da wanda zai wanke shi ya bi shi maƙabarta idan ta Allah ta kasance a baƙon wuri. Mace da aka kawo garin da ba ta san kowa ba tana bukatar wadda za ta zauna da ita ranar haihuwa, wadda ta san irin wankan jego da kunun da aka saba yi a garinsu. Magidanci yana bukatar wanda zai gabatar da shi a kasuwa ya ce na san asalinsa, a ba shi kaya bashi. Kawu bai yi wata guda ba maƙwabcin nan ya kai shi Tudun Hatsi ya haɗa shi da mutanensu masu cinikin wake da masara, kuma da wannan yake ciyar da gidansa har yau. Da ya ɗauki gidan tayil, da ya samu rangwamen kuɗi, amma da ya rasa hanyar samun kuɗin gaba ɗaya.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin haka kakanninmu suka yi a duk inda suka je. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, ta ginu ne a kan fatake masu shanu da goro da ke sauka wurin maigida, shi ya ba su masauki, shi ya adana musu dukiya, shi ya tsaya musu a ciniki. Zangon Kumasi da na Ankara a Gana, da Agege a Legas, duk tsari ɗaya ne: masallaci, da mai unguwa, da mahauta, da mai tuwo, da harshe ɗaya. Mafi kusa da mu ma shi ne abin da ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda aka gwabza a ƙasar da yanzu take cikin ƙaramar hukumar Funakaye, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasa ransa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira suka nausa gabas har Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu wanda har yau yake amsa sunansa. Addini ne ya zaɓa musu alƙiblar tafiya, domin hanyar Makka ce, kuma bayansu mahajjatan ƙasa da suka riƙa bin wannan hanya sun riƙa yada zango a wurinsu saboda sun tarar da nasu. Abin da dattijon nan ke yi a shagonsa, ko ya sani ko bai sani ba, gadon aikin fatoma ne, wato mai saukar da fatake, da maigidan zango, sai dai shi la'ada yake karɓa maimakon rabon ciniki.

Ba Musulmi kaɗai yake yi wa wannan hidima ba, kuma wannan yana cikin abin da na yaba. Wata abokiyar aikin ƙanwata, ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Borno, ta nemi in raka ta saboda iyayenta za su dawo wurinta. Tambayar farko da ya yi mata bayan gaisuwa ita ce, "'Yata, wace majami'a Baba yake zuwa?" Ta ce EYN. Ya gyaɗa kai, domin ya san cewa Ekklesiyar 'Yan'uwa ita ce majami'ar yawancin Kiristocin Bura da Margi da Kibaku, kuma ya san ba ɗaya take da ECWA ba, wadda ta fi ƙarfi a tsakanin Tangale da maƙwabtansu tun zuwan mishan ƙasar Kaltungo a 1917. Ga wanda yake kallo daga nesa duk coci ne, amma ga tsohon da aka ƙone masa majami'ar garinsu, wanda ya ji labarin yadda hedikwatar cocinsu da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun mayaƙa a 2014, zama kusa da masu rera waƙoƙin da ya sani ba ƙaramin magani ba ne. An samar musu ciki da falo a wajen Tumfure, inda tsohon ke iya takawa da ƙafa ranar Lahadi. Na kuma ga yadda yake sallamar samarin Ibo masu koyon ciniki a shagunan Sabon Layi: ba ya ɓata lokaci, ya san suna son kusa da shago, kusa da inda ƙungiyar garinsu ke taro, da kuma inda za su samu manja da garin rogo ba tare da dogon zuwa ba.

Yanzu sai ƙorafin, kuma ba ƙarami ba ne. Ƙwarewar da ke sa dattijon ya gane bukatar baƙo ita ce kuma take sa shi wani lokaci ya yanke wa baƙon hukunci tun kafin ya buɗe baki. Na shaida wannan da idona lokacin da wani matashin malamin makaranta, ɗan ƙasar Tangale, ya zo neman ɗaki kusa da makarantar da aka tura shi, wadda take cikin tsohon gari. Da jin sunansa, sai aka buɗe masa shafin wasu unguwanni can nesa, ba a ko nuna masa shafin unguwar da ya ambata ba. Ya ce shi a cikin Hausawa da Fulani ya tashi, yana jin Fillanci ma, kuma ba shi da abin hawa. Aka ce masa, "Ɗana, can za ka fi jin daɗi." Alhali na san akwai ɗakuna a unguwar da ya nema, domin an karanta wa wani su a gabana ba da daɗewa ba. Da na yi wa dattijon magana bayan saurayin ya fita, sai ya ce, "Malam, ni ba ƙinsa nake yi ba. Mai gidan ne ya kafa sharaɗi, kuma ko bai kafa ba, ba na son in saka yaron mutane inda za a riƙa yi masa kallon bare." Na ce, "Baba, to ai da sai a gaya masa gaskiya, a bar shi ya zaɓa." Ya yi shiru, sannan ya ce zai duba.

Na yarda da shi cewa ba ƙiyayya ba ce, amma sakamakon ɗaya ne. Akwai bambanci mai girma tsakanin baƙon da ya zaɓi zama cikin nasa da baƙon da aka tura cikin nasa saboda an rufe masa sauran ƙofofi. Na farkon shi ne zango, na biyun shi ne tsarin Sabon Gari da Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa a Kano da Zariya, inda hukuma ce ta ware wa 'yan kudu wurinsu, ta ware wa 'yan arewan da ba 'yan gari ba Tudun Wada. Mun kuma ga inda rabuwar unguwanni ke kai gari. Bayan rikicin Kaduna na 2000, jama'a suka yi ta ƙaura har kogi ya zama kusan iyaka tsakanin Musulmi da Kirista. Jos ma tun rikicin Satumban 2001 ta koma unguwannin da wani ba ya kwana a na wani. Gombe ba ta kai can ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne har yanzu akwai layukan da Bafulatani da Batangale da Batere da Babolе da Bayarabe ke shan ruwan rijiya ɗaya, 'ya'yansu suna tafiya makaranta tare. Ko lokacin da bama-bamai suka tashi a babbar kasuwa da tashoshin Dukku da Dadin Kowa a watan Yulin 2015, garin bai rabe gida biyu ba. Idan kowane dillali ya riƙa rarraba mutane da jin sunansu, a hankali za a wayi gari an gina katangar da babu wanda ya yi shawarar gina ta. Ofishin da ya fi kowa sanin unguwanni shi ya fi kowa ikon yin wannan ɓarna, shi ya sa nauyin da ke kansa ya fi na sauran.

Akwai wani rukuni da abin ya fi shafa, wato matan da ba su da miji. Rikicin arewa maso gabas ya bar zawarawa masu yawa riƙe da marayu, kuma da dama daga cikin masu gidaje ba sa ba mace haya sai ta zo da namijin da zai tsaya mata. A nan dattijon yana ƙoƙari fiye da yadda na zata, domin na ga ya ɗauki waya ya kira wani mai gida ya ce, "Alhaji, ni ne waliyyinta a wannan magana, idan an samu matsala ni za a nema." Amma yaransa ba su da wannan haƙuri. Idan ba ya nan, mace mai neman ɗaki ita kaɗai takan sha tambayoyin da ba su da alaƙa da haya, wasu ma na cin fuska ne. Wannan gyara ne da ya kamata a yi cikin gaggawa, domin matar da ta binne mijinta ta tsallako da 'ya'ya ba ta cancanci a tsare ta da tambayar dalilin zamanta ba aure ba.

Ta fuskar kuɗi ban ga abin zargi ba. La'adarsu kashi 10 cikin 100 ce na kuɗin shekara, kamar yadda aka saba, kuma sau ɗaya ake biya, ba sa dawowa neman wata idan an sabunta haya. Kuɗin dubawa bai wuce na man babur ba, kuma ana faɗarsa tun kafin a tashi. Ana ba da rasit mai ɗauke da sa hannun mai gida, ba na dillali kaɗai ba, wanda ya rufe ƙofar damfarar da ta yi yawa a garin, inda ake karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya. Takardar yarjejeniya da Turanci take, amma ana karanta ta da Hausa a gaban shaidu, kuma lokacin kawu har an nemo wanda ya fassara masa wasu sharuɗɗa da Barbarci don kada ya sa hannu a abin da bai gane ba. Bayan an biya, yaron ofishin yakan raka sabon ɗan haya wurin mai unguwa ya gabatar da shi. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma a shekarun da ake ɗari-ɗari da duk wanda ya fito daga Borno, gabatarwar nan ta raba mutane da yawa da zargi da tsegumi.

Inda suka yi rauni shi ne abubuwan da ba na al'ada ba, kamar hankalinsu duk ya tafi ga maƙwabta ya bar ginin kansa. An gaya wa kawu cewa ruwan famfo yana zuwa unguwar, kuma gaskiya ne akwai bututun da ke kawo ruwan Dadin Kowa, amma ba a gaya masa cewa layinsu yana kan tudu ba, ruwan ba ya hawowa sai jefi-jefi. Gidan da mata ke kulle, wanda ba mai fita ɗibar ruwa sai yara, dole ya dogara da 'yan garuwa, kuma kuɗin jarka a wata yana iya cinye rangwamen da aka samu a haya. Haka kuma ba sa faɗakar da mutum game da zaizayar ƙasa, alhali duk mazaunin Gombe ya san yadda kwaruruka ke cin gidaje idan damina ta kankama, saboda ƙasar yashi ce kuma garin a kwari yake. Baƙon da ya zo da rani zai ga busasshen rami a bayan gida ya ɗauka ba komai ba ne. Littafin da ya iya rubuta tsayin katanga bai kamata ya kasa rubuta nisan gida da bakin kwari ba, ko bashin wutar da tsohon ɗan haya ya bari a kan mita, wanda shi ma sai bayan an tare ake ganinsa.

Duk da waɗannan, idan aka tambaye ni inda zan tura baƙon da ya sauka Gombe da iyali, musamman mai tsofaffi ko matan kulle ko wanda Hausarsa ba ta nuna ba, nan zan tura shi, domin ban san wani wurin da za a saurare shi kamar haka ba. Wanda kuma yake shi kaɗai, ko ma'aikacin da kusanci da wurin aiki ya fi damunsa, ko wanda da gangan yake son zama cikin mutanen da ba nasa ba, to ya shiga da shirinsa. Ya faɗi unguwar da yake so da bakinsa, ya nemi a buɗe masa shafinta ya gani, idan an ce babu ya tambaya ko babu ɗakin ne ko kuwa mai gida ne ya kafa sharaɗi. Na lura idan aka yi wa dattijon tambaya kai tsaye ba ya ƙarya.

Ya fi kyau a je da safe, lokacin da shi kansa yake zaune, domin bayan azahar yawanci yaran ne kaɗai, ranar Juma'a kuwa ana rufewa tun kafin a tafi masallaci sai bayan la'asar. Mai iyali ya tafi da ɗaya daga cikin matan gidan ko wata 'yar uwa lokacin dubawa, saboda ita za ta iya shiga gidajen maƙwabta ta ji abin da namiji ba zai ji a zaure ba, ita kuma za ta lura da madafa da magudanar ruwa da wurin shanya. Kafin a biya, a tambayi mai shagon da ke layin ko sau nawa famfo ke kawo ruwa da kuma nawa ake sayar da jarka, a duba mita a rubuta abin da ke kanta a cikin yarjejeniya, sannan a zagaya bayan gidan a ga inda ruwan sama yake bi.